Inda tiritiyam ke ɓuya: kundin aikina a kan bulon tungistin

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau Malam ya sa hannu a kan taken aikina, bayan ya datse shi har sau biyu. Burin da na je masa da shi shi ne in lissafa duk tiritiyam ɗin da zai maƙale a tukunyar ITER, ta gwajin samar da makamashi daga haɗewar ƙwayoyin haidirojin, da ake ginawa a Cadarache, kudancin Faransa. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Kai da su wa?" Abin da ya bar min ɗan bulo guda ne na tungistin, cikin kusan 300,000 da za a jera a gindin tukunyar, wurin da ake kira daibata, inda zafi da tokar filasma, wato iskar man da ta ɗau matsanancin zafi, ke sauka. Aikina in bi sawun haidirojin a cikin bulon nan: ta ina yake shiga, ina yake yada zango, nawa ne ba ya fitowa. Sashenmu ba shi da filasma, ba shi da injin harba ƙwayoyi. Laftof ɗina ce kawai, sai manhajar FESTIM ta lissafin yawon haidirojin a cikin ƙarfe, da masu ita suka sake kyauta.

Ga wanda bai san fagen ba: haidirojin 'yan uwa uku ne, kowanne da furoton ɗaya a cibiyarsa. Na gama-gari ba shi da niyutoron. Diyuteriyam yana da ɗaya, kuma yana nan cikin ruwan teku, wajen ƙwaya ɗaya a kowace 6,500. Tiritiyam yana da biyu, shi ne rigimammen gidan, duk shekara 12.3 rabinsa ya rikiɗe ya koma hiliyam-3. Idan diyuteriyam da tiritiyam suka haɗe, ana samun hiliyam da niyutoron da makamashi MeV 17.6 (eV ma'aunin makamashin ƙwayoyi ne, MeV kuma miliyan ɗinsa), kuma 14.1 daga ciki niyutoron ne ke ficewa da shi. Sai dai kaɗan ne daga man da aka zuba ke ƙonewa kafin ya bar filasma. Sauran ya bugi bango, wani ya dawo, wani ya shige.

Shigewar nan ce damuwa, ta fuska biyu. Akwai doka: tiritiyam ɗin da ke cikin tukunyar ITER ba zai wuce kilo 1 ba, kuma in an cire na cikin famfunan sanyi da ratar kuskuren awo, giram 700 ya rage. Akwai kuma ƙaranci. Na buga da kaina: tashar da ke fitar da gigawat 1 na makamashin haɗewa za ta ƙone wajen kilo 56 a shekara in ba ta huta ba, alhali duk abin da farar hula ke da shi a duniya bai wuce 'yan gomomin kilo ba, mafi yawa daga tukwanen nukiliya na CANDU na Kanada. Dole tasha ta haifi nata daga litiyam, kuma duk giram ɗin da bango ya haɗiye daga uwar kuɗi aka cire shi.

Talata, 14 ga Janairu

Mako guda cur ya tafi wajen girka manhaja. FESTIM a kan wata manhajar lissafi, FEniCS, take zaune, ita kuma ba ta ga maciji da Windows, sai da na buɗe Linux a ciki ta WSL. Kuɗin datar da ya tafi ba zan rubuta shi a nan ba.

Ina jiran saukewa ina karatun tarihi saboda babin farko. A 1997 tukunyar JET da ke Culham a Ingila ta yi babban zangonta na farko da tiritiyam, lokacin bangonta na kabon ne. An zuba giram 35 a tukunya, ana gama zangon kusan kashi 40 cikin 100 bai dawo ba. Aka yi ta wanki da filasmar diyuteriyam da sauran dabaru, amma kashi 17 ya ce ba inda za shi. Da aka shiga da hannun inji, sai ga shi a cikin ɓawon kabon da ya taru ya ɓamɓare a lungunan daibata na ciki, wuraren sanyi da filasma ba ta ko leƙawa. Filasma ce ke kankare kabon a nan, ya tashi ya sauka can, ya binne tiritiyam tare da shi, kamar kunkunniya a rufin madafi. Irin wannan riƙo ba ya ƙoshi. Muddin ana kankara, ɓawon na ƙara kauri. TFTR ta Princeton a Amurka ta sha irin wannan.

A 2011 JET ta koma aiki da sabon bango, beriliyam a sama, tungistin a daibata, riƙon ya ragu fiye da ninki goma. ITER ta yar da kabon a 2013, a 2023 kuma ta ɗauki hanyar cire beriliyam ɗin ma, bango ya zama tungistin duka. Sabon jadawalin da aka bayyana a Yulin 2024 ya kai fara ƙona diyuteriyam da tiritiyam zuwa 2039. JET kuwa ta rufe a ƙarshen 2023, bayan ta bar tarihin fitar da megajul 69 na makamashin haɗewa. Wato nan da shekaru masu yawa, lissafi irin wanda nake koyo ne zai ɗauki kaso mai tsoka na nauyin.

Alhamis, 23 ga Janairu

Abin da ya fara ɗaure min kai: tungistin ba ya son haidirojin. Kafin ƙwaya ɗaya ta narke a cikinsa sai an biya kusan eV 1, don haka in ka ajiye tsaftataccen tungistin cikin iskar haidirojin a zafin ɗaki, abin da zai sha bai taka kara ya karya ba. Wanda filasma ta cusa da ƙarfi kuwa, tsalle yake daga lungu zuwa lungu a tsakanin ƙwayoyin ƙarfen, lungu shida ga kowace ƙwaya, har ya iske fuska ya haɗu da ɗan uwansa su fice su biyu. Wannan yawo zan riƙa ce masa naso, don haka ruwa ke bin jikin sabon tulu. To, in ƙarfen ba ya so, baƙon ma ba zama ya zo yi ba, wa ke riƙe shi?

Aibun ƙarfen ne. Gurbin da ƙwayar tungistin ta tashi ta bari, layin da jeri ya goce, iyakar da tsabar ƙarfe biyu suka haɗu, kogon da gurabe suka taru suka yi. 'Yan fagen na ce musu tarko, kuma sunan ya dace. McNabb da Foster ne suka tsara lissafinsu tun 1963, kuma a kan ƙarfen yau da kullum suka yi, ba don tukunyar haɗewa ba: a raba haidirojin gida biyu, mai yawo da kamamme, a ba kowane tarko saurin kamu k da saurin saki p. Saurin saki ana ɗaukarsa 10¹³ exp(−E/kT) a sakan, E zurfin tarkon, T zafi, k ɗin nan kuma lambar Boltzmann ce, ba saurin kamu ba.

Na ɗauki kalkuleta don in ji abin a jikina. A 300 K, wato zafin ɗaki a ma'aunin Kelbin, tarko mai eV 0.87 yana riƙe ƙwaya sakan 40. Mai 1.0, awa ɗaya da minti 45. Mai 1.5, shekara 50,000. Na sake bugawa sau uku ina zaton yatsana ne ya zame.

Ranar Asabar na je gaida kawu, wanda ya yi shekaru yana waldar bututu. Ina cikin ba shi labarin ya katse ni: "Yaro, ai wannan tun ba a haife ka ba muka san shi. Sandar walda in ta sha raɓa ba ka gasa ta ba, ɗinki zai yi kyau yau, jibi ka zo ka tarar ya tsage." Gaskiyarsa. Danshin sandar ne ke ba narkakken ƙarfe haidirojin, shi kuma ya yi naso ya taru inda ƙarfen ya fi ɗaurewa. Na ce, "Kawu, ashe kai ya kamata ka duba min aikin." Ya ce ba ya aiki kyauta.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kafin bulo, Malam ya ce in fara maimaita abin da wasu suka riga suka auna. Gwajin da kowa ke fara cin tuwo da shi shi ne TDS, ni ina ce masa gwajin gashi: a ɗura wa ɗan faifan tungistin diyuteriyam, a sa shi a wuri marar iska, a riƙa ƙara masa zafi da sauri ɗaya, ana ƙirga abin da ke fita. Kowane tarko da zafin da yake sakin nasa, don haka zanen yakan fito da tozo-tozo. Darasin manhajar ya ɗauko gwajin da Ogorodnikova da abokan aikinta na Garching a Jamus suka wallafa a 2003: ƙwaya 2.5×10¹⁹ a kowane murabba'in mita a sakan, tsawon sakan 400, a 300 K, suna tsayawa wajen nanomita 4.5 ƙarƙashin fata, sannan gashi da K 8 a sakan. Tarko uku: 0.87 da 1.0 na asalin ƙarfen, sai 1.5 wanda harbin ne ke haifar da shi.

Na ƙi kwafa, na ce da hannuna zan rubuta. Sakamako: layi a kwance shamɓal, ko tozo ɗaya babu. Kwana uku ina zargin manhaja, ashe ni ne. Yawan tarkon farko na sa 0.0013 yadda na gani a takarda, wanda kaso ne na ƙwayoyin tungistin, ita kuma manhajar adadi a kowane kubik mita take so. Sai an ninka da 6.3×10²⁸, adadin ƙwayoyin tungistin a kubik mita. Ƙarfen da na ba ta, tarkonsa bai kai ɗaya ba a kubik mita ɗari bakwai.

Kuskure na biyu raga ce, wato gidajen da ake yanka faifai don kwamfuta ta yi lissafi. Na yanka faifan gida-gida daidai wa daida, kowane gida ya fi zurfin harbin faɗi nesa ba kusa ba. Yanzu na matse ragar a bakin fata ta koma ƙasa da nanomita, na sake ta a can ciki.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ta hau! Babban tozo ƙasa da 500 K, ƙarami sama da 600 K, layina ya bi ɗigon gwaji kamar an ja shi da rula. Na buga a takarda mai kala na kai wa Malam.

Ya duba ya ce madalla. Sannan ya ce, "Lambobi nawa ne a hannunka da za ka iya murɗawa?" Na ƙirga zurfi uku da yawa uku, na ce, "Shida, ranka ya daɗe, ko fiye." Ya ce, "Rigar da aka ɗinka a jikin mutum, in ta yi masa daidai ba labari ba ne. Je ka canja wani abu da kake ganin ba ya canjuwa, ka dawo." Na fito jiki a sanyaye, da takardata mai kala.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na fara da lambar da na fi yarda da ita, saurin naso. Kowa a fagen nan ya haddace na Frauenfelder na 1969: D = 4.1×10⁻⁷ exp(−0.39 eV/kT), murabba'in mita a sakan. Abin da ban kula da shi ba sai yanzu, mutumin tsakanin 1100 da 2400 K ya yi awonsa. Mu ne muke jan layinsa har 300 K, inda bai taɓa takawa ba. Masu lissafi daga tushen kwantam sun samu shingen da bai kai nasa ba: Heinola da Ahlgren 0.21 a 2010, Fernandez da abokansa 0.20 a 2015. An kuma nuna cewa in aka ɗauki awon Frauenfelder na sama da 1500 K kaɗai, 0.25 ke fitowa, alamar tarko ya riga ya gurɓata na ƙasa-ƙasan. Wani sabon awo a Garching a 2020 ya ba da 0.28.

Na kwatanta na Frauenfelder da na Fernandez. A 1500 K ninki biyu ne tsakaninsu. A 300 K, ninki 700.

Na musanya, zane ya sauya kama, tozayen suka zame zuwa ƙananan zafi suka bar ɗigon gwaji. Na ce alhamdu lillahi, ga hujja, tsoho ne da gaskiya. Har na fara rubuta wa Malam saƙo, sai na tuna saurin kamu ba lamba ce mai cin gashin kanta ba. Daga D ake ciro ta, don ƙwayar da ta fi saurin yawo ita ta fi saurin cin karo da tarko. Ni kuma na canja D na bar k da tsohon shinge. Da na gyara su tare na sake kunnawa, layin ya dawo ya kwanta kusan a kan na da.

Na kwana ina juya abin, bayan asuba na gane shi a takarda. Yawan mai yawo a ƙarƙashin fata kusan φR/D ne, wato kwararar ƙwayoyi sau zurfin tsayawarsu, a raba da D. Ninka D sau 700, masu yawo su ragu sau 700, amma kowanne yana faɗa wa tarko da sauri sau 700. Sun cinye juna. Zurfin da cikar tarko ke kaiwa kuma √(2φRt/n) ne, n yawan tarko, t lokaci. D ko ƙeyarta babu a ciki. Na sa lambobi, na samu maikiron 0.9 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), da riƙo wajen 10²⁰ a murabba'in mita, kashi 1 cikin 100 na abin da aka harba. Bai yi nisa da abin da kwamfuta ta ba ni ba.

Ashe gwajin nan makaho ne game da D. Dacewar da na kai wa Malam da takarda mai kala ba ta ce uffan ba a kan lambar da ake saɓani a kanta har ninki 700. Kuma abin bai tsaya nan ba. Ƙarfin ɗaurin tarko shi ne zurfinsa a cire shingen naso: 0.87 a cire 0.39 ya ba da 0.48, a cire 0.20 ya ba da 0.67. Da wannan lamba ake sa wa tarko suna, a ce wannan gocewar jeri ce, wancan gurbi ne. Yanzu in na ga takarda ta raɗa wa tozo suna daga gashi ɗaya tal, sai in ɗaga gira. Ga kuma 10¹³ ɗin nan da duk muke ɗauka kamar saukakkiya, da zurfin da tarkon yake a cikin faifai, wanda shi ma ke tura tozo gaba: ƙwayar da aka saki a can ciki sai ta faɗa tarko sau da dama kafin ta iso fuska.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An ɗauke wuta, batir ya mutu, gudun lissafi na awa biyar ya tafi. Na koya wa rubutuna ajiye sakamako duk bayan taku hamsin. Na kuma sayi sabon batir, da kuɗin da na ware wa ɗinkin Sallah.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi takwas. Aiki ya koma tsakanin tarawihi da sahur, lokacin ma wuta ta fi zama.

Makon nan na niyutoron ne. Duk abin da na yi zuwa yanzu a kan ƙarfe mai lafiya ne, tarkonsa kaɗan. Niyutoron mai MeV 14 kuwa in ya bugi ƙwayar tungistin, ita ma ta bugi wasu, su ma haka, sai a bar gurabe birjik, kuma ba a fata kaɗai ba, har cikin bargo. Ma'aunin ɓarnar shi ne dpa, wato sau nawa aka tumɓuke kowace ƙwaya daga mazauninta a matsakaici. Har yau babu wata majiyar irin wannan niyutoron mai ƙarfin da zai isa gwajin kaya. IFMIF-DONES da ake ginawa a Granada ta Sifen don haka ne. Kafin nan dabara ake yi. A Garching suna harbin tungistin da ƙwayoyin tungistin masu MeV 20, su lalata wajen maikiron biyu na sama, su ɗura diyuteriyam, su auna zurfinsa da harbin hiliyam-3. A ƙananan zafi yawansa a wurin ɓarnar yakan kai kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na ƙwayoyin ƙarfen, kuma yakan ƙoshi tun ɓarnar ba ta kai rabin dpa ba. Amurkawa da Japanawa kuma sun gasa tungistin da niyutoron na gaske a tukunyar HFIR ta Oak Ridge, suka kai shi Idaho suka sa masa filasma, suka ga a zafi mai yawa diyuteriyam na nutsewa gomomin maikiron. Illar wannan hanya, niyutoron ɗin tukunyar fasa yuraniyam ya fi yawan mayar da tungistin riniyam, shi kuma riniyam an ga yana rage tarko in ɓarnar a zafi ta faru.

Ga lissafin bayan ambulan da ya hana ni barci bayan sahur. A ce tarko kashi 1 cikin 100 ne, duk a cike, rabi tiritiyam. A kowane murabba'in mita, kowane maikiron na zurfi na ɗauke da ƙwayar tiritiyam 3×10²⁰. Bangon ITER wajen murabba'in mita 600 ne. Jimla kusan giram 1 a kowane maikiron. Wato in cikar ta nutse milimita 0.7, kaurin farce ko ɗan fiye, an cinye giram 700. Wannan mafi munin zato ne: bango mai zafi ba ya cika tarko haka, ɓarnar niyutoron a ITER ma kaɗan ce. Amma tashar da za ta biyo bayanta, mai aiki dare da rana, ba ta da wannan sauƙi.

Litinin, 17 ga Maris

Yau na shiga bulon kansa. Faɗinsa milimita 28, kaurinsa 12, an huda tsakiyarsa an zura bututun CuCrZr, wato jan ƙarfe da aka garwaya da kuromiyam da zakoniyam, mai faɗin 12 a ciki, 15 a waje. Tsakanin bututu da tungistin akwai zoben jan ƙarfe zalla na milimita 1, don biyun ba sa kumbura daidai in sun ji wuta. Sama yana karɓar megawat 10 a murabba'in mita, ruwa na bi ta ciki. Fuskar na kaiwa kewayen digiri 1,000 na Salshiyas, bakin ruwa kuwa 'yan ɗaruruwa ne ko ƙasa, duk a tazarar da ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba. Tungistin sai a 3,422 yake narkewa. Duk duniya Sin ce ke haƙo mafi yawansa, amma dutsensa ba baƙo ba ne a wajenmu, akwai shi a Riruwai ta jihar Kano tare da kuza.

Na zaci inda filasma ta fi duka nan riƙo zai fi yawa. Zanen ya ƙaryata ni. Fatar sama fes take, zafi ya sa tarko ba ya riƙe komai. Masu yawo su wuce ta nan da gudu, su gangara, sai inda ƙarfen ya fara sanyi tarko ya soma kamu. Da na rage zafin sama, riƙon bulon ƙaruwa ya yi. A nan kuma D ta dawo da muhimmancinta: a yankin zafi, inda tarko ba ya aiki, ita ke yanke tsawon lokacin da ƙwaya ta farko za ta ɗauka kafin ta iso bututu.

Iyakar ƙarafan ta ci min kwana biyu. Yawan haidirojin ba ya tsallaka iyaka yadda yake. Abin da ke daidaita a ɓangarorin biyu shi ne yawan a raba da narkuwa, bisa dokar Sieverts. Shi ya sa zanen ke yin tsalle a bakin jan ƙarfe, ni kuwa ina ta neman kuskure inda babu. Abin da ya ɓulle ta bututu cikin ruwa yake faɗawa, ya maye gurbin haidirojin ɗin ruwan, kuma raba shi da ruwa aiki ne ja.

Asabar, 5 ga Afrilu

Barka da Sallah. Na yi ta da tsohuwar shadda, babu wanda ya lura sai inna.

Tambayar yanzu: in ya shiga, ana iya fitar da shi? Hanyar farko gasa bango ce. Tsarin ITER da aka daɗe a kai ya tanadi digiri 240 na Salshiyas ga bango, 350 ga daibata. A 350, tarko mai eV 1.5 na saki cikin ƙasa da sakan guda, mai 2.0, irin na kogon gurabe, cikin minti 25. A 240, mai 2.0 sai ya yi kwana 50 da ɗoriya. Da ganin na 350 sai mutum ya ce an gama. Ina! Saki daban, fita daban. Ƙwayar da ta kuɓuta tsalle kaɗan za ta yi ta faɗa tarko na gaba. Wani masani, Oriani, ya rubuta wannan tun 1970. Da tarko kashi 1 cikin 100, a 350, wata guda na gashi zai kwashe wajen maikiron goma in tarkon mai 1.5 ne, amma kashi ɗaya cikin goma na maikiron kacal in mai 2.0 ne. Rabin eV ya jawo ninki ɗari, kuma rabin eV ɗin nan daga fassarar tozo yake fitowa, wadda na riga na ga yadda take santsi.

Na gwada tiritiyam a madadin diyuteriyam, na rage D gwargwadon nauyi, saiwar 3 maimakon saiwar 2. Bambancin bai kai a yi magana ba in an ajiye shi kusa da sauran ramukan. Abin da ya fi damuna, tarkona ƙwaya ɗaya yake kamawa, alhali lissafin kwantam ya nuna gurbi ɗaya na iya ɗaukar har shida a zafin ɗaki, na ƙarshen shiga kuma ya fi sauƙin fita. Wannan ne ke bayyana yadda ake korar tiritiyam ta hanyar ɗura diyuteriyam, ko da a zafin da gashi kaɗai ba zai yi komai ba.

Ga kuma boron. Beriliyam yana shanye iskar oksijin. Da aka cire shi, ITER za ta riƙa shafa wa bango siririn boron don ya yi wannan aiki. Boron kuwa in filasma ta kankare shi, ya sauka a wani wuri, da tiritiyam yake binnewa, kamar kabon na 1997. Tsugune ba ta ƙare ba. Bulona bai san da wannan ba sam, kuma zan faɗi haka ƙarara a babi na biyar.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na kai wa Malam lissafin 19 ga Fabrairu da na bulon. Ya daɗe a kan shafin da D ta ɓace, ya ce wannan shafi ya fi takarda mai kala. Mun tsayar da magana: ba zan ba da lamba ɗaya ba, zan ba da iyaka biyu, ƙasa da sama. Zurfin babban tarko daga 1.5 zuwa 2.0, naso na Frauenfelder da na Fernandez, zafin sama kala uku. Sannan in nemo gwajin da aka gasa faifai iri ɗaya da sauri daban-daban, aka kuma auna zurfi da hiliyam-3, don in ga ko tarkona zai hau su duka ba tare da na sake murɗa komai ba.

Ya kuma tambaye ni gefen bulon. Zanena mai fuska biyu ne, faɗi da tsayi kawai, kamar bulon ba shi da ƙarshe, alhali akwai 'yar rata tsakanin kowane bulo da maƙwabcinsa, kuma haidirojin zai iya ficewa ta nan kafin ya kai ga ruwa. Sai an koma fuska uku. Laftof ɗina mai gigabait 8 ba za ta ɗauki bulo cikakke ba, amma tunda hagu da dama ɗaya ne, gaba da baya ma haka, rubu'i ya isa. Zan fara yanka ragarsa ranar Alhamis.

Daren yau gudu 12 na jera. Na farko ya tashi ƙarfe 9:40, wuta na nan, batir a cike.